Laifukan Lalata Muhalli, Doka da Haɗin Kan Ƙasashe: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan ji daga ɗalibai, manoma, 'yan kasuwa da masu sauraron rediyo a duk sa'ad da aka ce kwastam sun kama kwantena cike da hauren giwa, ko an ga gingimari tana fita da gungume daga daji. Wasu na amsa su a gajarce, wasu kuwa sai da na zauna a kansu, domin a nan ciwon yake.

Me ake nufi da laifin muhalli?

Duk wani aiki ne da doka ta haramta saboda ɓarnar da yake yi wa ƙasa, ruwa, iska, itatuwa ko dabbobi. Manyansa su ne fataucin namun daji da sassan jikinsu, sare itatuwa ba izini, haƙar ma'adinai ta ɓarauniyar hanya, kamun kifi na sata a teku, da jibge shara mai guba. A 2016 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Interpol, ƙungiyar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, sun ƙiyasta cewa kuɗin da ke yawo a wannan harka ya kai tsakanin dala biliyan 91 zuwa 258 a shekara.

Ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Sarkin Ruwa a Argungu yana hana taɓa kifin Matan Fada sai lokacin da aka buɗe ruwa, garuruwa da yawa kuma suna da itatuwan da ba wanda ya isa ya kai musu gatari. Malamai sun daɗe suna karantar da mu cewa babu cuta babu cutarwa. Abin da ya sauya shi ne girman kasuwar da nisan mai saye.

Me ya sa ƙasa ɗaya ba za ta iya maganin abin ita kaɗai ba?

Domin laifin a yanke yake gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a wata ƙasa. A kashe dabba a dajin Kamaru, a tara kayan a wani sito a Legas, a yi wa kwantena takardar ƙarya a ce katako ne ko gyaɗa, jirgi ya bi ta Singafo, mai saye yana Biyetnam, kuɗin kuma su faɗa wani asusu a ƙasa ta biyar. Ɗan sandan da ya kama maharbi ya kama wutsiya ce kawai. Ikonsa ya ƙare a bakin iyaka, na ɓarawon kuwa bai ƙare ba.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a harkar gaba ɗaya. Kullum na ƙasa ake kamawa: mai gatari, mai tarko, direba, ɗan dako. Wanda ya ba da kuɗin yana can inda sammacin kotunmu ba ya kaiwa.

Ana yawan ambaton Koko. Me ya faru a can?

Koko ƙaramin gari ne mai tashar jiragen ruwa a tsohuwar jihar Bendel, wato jihar Delta ta yanzu. Tsakanin 1987 da 1988 wani ɗan kasuwar Italiya, Gianfranco Raffaelli, ya shigo da dubban durom-durom na sharar masana'antu mai guba, aka jibge su a filin wani dattijo da ake biya kusan dala 100 a wata. An ce masa kayan masana'anta ne. Rana ta yi ta dukan durom ɗin, suka kumbura, wasu suka fashe suna yoyo. Akwai mutanen gari da suka zubar da abin da ke ciki suka ɗauki durom ɗin don tara ruwan sha, domin a idonsu durom mai kyau ne aka yar.

Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can, suka aiko wa jaridun gida, asiri ya tonu a tsakiyar 1988. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kira jakadanta daga Rum, ta kuma tsare wani jirgin ruwan Italiya a Legas har sai da Italiya ta yarda ta kwashe kayanta. Ma'aikatan da suka yi lodin sun sha ƙuna da ciwo. Ɗaya daga cikin jiragen da suka ɗauki sharar, Karin B, ya yi ta gararamba a tekun Turai, tashoshi suna korar sa ɗaya bayan ɗaya, kafin ya koma Italiya. Abin da aka ga ya dace a ajiye kusa da ɗakin kwanan yaran Koko, shi ne Turai ta ƙi bari ko ya matso bakin gaɓarta.

A lokacin Najeriya ba ta da wata doka takamaimai da ta haramta wannan aiki. Kafin shekarar ta ƙare aka fitar da Doka ta 42 ta 1988, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigowa ko jibge shara mai guba, aka kuma kafa FEPA, hukumar kare muhalli ta tarayya. Hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, daga wannan tsatso ta fito.

To yarjejeniyar Basel da ta Bamako fa, mene ne bambancinsu?

An ƙulla ta Basel a Suwizalan a 1989, ta fara aiki a 1992. Ƙa'idarta ita ce kada a tura shara mai haɗari zuwa wata ƙasa sai an sanar da ita a rubuce ta kuma amince, in kuwa an yi ta ɓarauniyar hanya, ƙasar da kayan suka fito ta karɓi abinta. Ƙasashen Afirka suka ce wannan bai isa ba, domin talaka yana iya amincewa da abin da zai kashe shi idan an nuna masa kuɗi. Sai suka yi tasu a Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da irin wannan shara nahiyar kwata-kwata, har da ta nukiliya. Ta fara aiki a 1998. Gyaran da aka yi wa Basel don hana ƙasashe masu arziki tura sharar zuwa matalauta sai a ƙarshen 2019 ya fara aiki, Amurka kuwa har yau ba ta tabbatar da shigarta Basel ba.

Shin waɗannan yarjejeniyoyi sun hana a sake?

Ba su hana ba. A watan Agustan 2006 jirgin Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya sauke shara a Abijan. Kafin nan ya nemi sauke ta a Amsterdam, da aka gwada aka ga irin gubarta aka ɗaga farashin sarrafawa, sai aka mayar da ita cikin jirgi aka bar shi ya tafi. A Abijan wani ƙaramin kamfani da bai daɗe da samun lasisi ba ya karɓi aikin a araha, tankokinsa suka bi dare suna zubarwa a wurare daban-daban cikin birni. Mutum sama da 100,000 suka nemi magani, hukumomi kuma suka ce aƙalla 15 sun mutu. Trafigura ya musanta cewa sharar za ta iya kisa.

Ga yadda hukunci ya rabu. Shugaban ƙaramin kamfanin, ɗan Najeriya, ya sami ɗaurin shekara 20 a Abijan. Trafigura ya biya gwamnatin Kwaddibuwa kusan dala miliyan 198 a 2007 bisa sharaɗin ba za a gurfanar da shi a can ba, ya biya masu ƙara kusan 30,000 fam miliyan 30 a Ingila a 2009, sannan wata kotu a Holan ta ci shi tarar Yuro miliyan 1 a 2010 saboda fitar da sharar ba bisa ƙa'ida ba. Ko wannan tarar ma ba don dokar fitar da shara da ta samo asali daga Basel ba, da babu abin da za a riƙe shi da shi.

Mece ce CITES, kuma me ya haɗa ta da Najeriya?

Yarjejeniya ce kan cinikin dabbobi da tsirrai da ke fuskantar ƙarewa, an ƙulla ta a Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975. Tana da jeri uku. Abin da ke jeri na ɗaya an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe don riba. Na jeri na biyu ana iya sayarwa, amma sai da takardar izini, kuma sai masana na ƙasar sun tabbatar cewa fitar da shi ba zai ƙarar da jinsin ba. Na uku shi ne wanda wata ƙasa ta roƙi sauran su taya ta tsaro.

Ɗan kunya, dabbar nan mai ɓawo da ke dunƙulewa in ta ji motsi, an shigar da dukkan jinsunanta 8 jeri na ɗaya a taron Johannasbag na 2016. Ana neman ɓawonta a Asiya don maganin gargajiya, alhali sinadarin da ke cikinsa shi ne na farcenmu. A watan Afrilun 2019, cikin kwanaki kaɗan, Singafo ta kama kwantena biyu, kowace da ɓawo sama da tan 12, dukansu daga Najeriya za su Biyetnam. Dubban dabbobi ke nan a kowace kwantena. Mafi yawansu ba daga dazukanmu suka fito ba. An mayar da tashoshinmu zango ne, inda ake tara kayan Afirka ta Tsakiya da ta Yamma kafin a tura. A 'yan shekarun nan kwastam sun ƙara kame, an ƙona tarin ɓawo a Abuja a 2023, an kuma niƙe hauren giwa kusan tan biyu da rabi a farkon 2024.

Maƙwabtanmu sun ɗanɗani nasu. A 2012 mahara a kan dawaki sun kashe ɗaruruwan giwaye a gandun Bouba Ndjida na arewacin Kamaru. A gandun Zakouma na Cadi giwaye sun ragu daga kusan 4,000 zuwa ƙasa da 500 cikin shekara goma.

Itace ma yana cikin wannan yarjejeniya?

Yana ciki, misalin da ya fi kusa da mu kuwa shi ne madobiya. Makiyayi ya san ta da ganyen da dabbobi ke ci da rani, masassaƙi ya san ta da ƙarko. Da kasuwar kujerun alfarma ta Sin ta gano jan cikinta, sai aka far mata daga Gambiya da Senegal, aka bi ta Gana da Benin, aka iso Kogi da Taraba da Adamawa.

Na taɓa kwana a wani ƙauye a wancan yanki lokacin da abin ke kan ganiyarsa. Tun kafin assalatu ƙarar injin yanka take tashe ka. A bakin hanya gungume ne a jibge, an fafe su kusurwa huɗu, an rubuta lamba da fenti a kan kowanne. Wani tsoho ya nuna mini kututture, ya ce, “Ɗana, a ƙarƙashin wannan aka raɗa mini suna.” Kuɗin da aka ba masu gonar bai kai na buhun masara ba.

An sa madobiya a jeri na biyu daga farkon 2017. A 2018 CITES ta ba da shawarar dakatar da sayen ta daga Najeriya, saboda ana ta ba da takardun izini ba tare da binciken masana ba, a 2022 kuma aka faɗaɗa matakin ya shafi sauran ƙasashen da take tsirowa. Darasin a nan shi ne takarda. Gungumen da aka sare ta haram, da zarar ya sami hatimi, ya zama halal a idon kwastam na can. Don haka biro ɗaya a ofis yana iya yin ɓarnar da ta fi ta gatari dubu.

Jaki ba naman daji ba ne. Ina dokar ta tsaya a kansa?

CITES ba ta kare jakin gida, shi ya sa ƙasashe suka bi wata hanya. Ana dafa fatarsa a Sin a yi wani magani, buƙatar kuma ta yi yawan da ta fi ƙarfin haihuwarsa, tunda jaka tana ɗaukar ciki kusan shekara guda. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016. Amma muddin maƙwabciya tana karɓa, dokar ba ta wuce a kora garke ta daji a tsallaka iyaka. A watan Fabrairun 2024 taron shugabannin Tarayyar Afirka a Adis Ababa ya amince da hana yanka jakuna don fata a duk nahiyar. Duk wanda ya san abin da jaki yake wa mai ɗiban ruwa da mai kai taki gona ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Gubar dalma ta Zamfara, laifin wa ne?

A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega. Dutsen zinaren yankin cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara kusan 400 suka rasu, dubbai suka kamu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinya. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

A kan takarda, haƙar da ba lasisi laifi ne ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007. Amma ba zan iya kallon uban da ya binne 'ya'yansa in kira shi mai laifin muhalli ba. Gero bai ishe shi ba, zinare ya yi tsada, ba wanda ya gaya masa ƙurar guba ce. Inda ya kamata doka ta sa ido shi ne kan dillali, da mai fitar da zinaren ba takarda, da matatar da ke karɓa a waje ba ta tambayi daga ina ba, da mai shigo da zaibar da ake wanke shi da ita. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta fara aiki a 2017, kan zaiba aka yi ta, ta kuma wajabta wa ƙasashen da ke da ƙananan masu haƙar zinare su tsara yadda za a rage amfani da ita.

Me ya sa hukuncin yake da sauƙi haka?

Dokar Najeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta sa tarar naira 1,000, aka kuma bar ta haka har 2016 kafin a ɗaga ta zuwa miliyoyi. Mai kwantenar da ta kai miliyoyin daloli yana lissafa irin wannan tara ce cikin kuɗin dako.

Akwai wani dalili na fasaha da ba a cika faɗa ba. Yarjejeniyar Palermo ta 2000 kan gungun masu laifi na ƙasa da ƙasa tana ɗaukar laifi babba ne idan hukuncinsa zai iya kai ɗaurin shekara 4 ko fiye. Idan dokar ƙasarka ba ta kai nan ba, da wuya ka yi amfani da yarjejeniyar wajen neman wata ƙasa ta buɗe maka bayanan banki ko ta taso ƙeyar wanda kake nema. Shi ya sa masu gabatar da ƙara masu wayo suke haɗawa da tuhumar fasa-ƙwauri, jabun takardu, cin hanci da halasta kuɗin haram.

Interpol tana kama mutane?

A'a. Ba ta da 'yan sandan da ke sa ankwa. Aikinta isar da bayani tsakanin rundunonin ƙasashe da fitar da sanarwa. Tun 2017 ita da Hukumar Kwastam ta Duniya suke shirya samamen haɗin gwiwa duk shekara kan fataucin namun daji da katako.

Misalin da ya nuna amfanin wannan shi ne jirgin kamun kifin nan mai suna Thunder. Ya yi shekaru yana satar kifi a tekun kudancin duniya yana sauya suna da tuta, a ƙarshe yana ɗauke da tutar Najeriya. Interpol ta fitar da sanarwa a kansa, jiragen Sea Shepherd, ƙungiyar kare halittun teku, suka bi shi kwana 110, Najeriya ta soke rajistarsa yana tsakiyar teku, ya zama ba shi da ƙasa. A watan Afrilun 2015 ya nutse kusa da Sao Tome, kotun wannan ƙaramar ƙasa kuma ta ɗaure kyaftin ɗin da injiniyoyinsa biyu, da hujjojin da aka tattaro daga ƙasashe da dama.

Talakawan ƙauye za su iya kai ƙarar kamfanin waje a ƙasarsa?

Za su iya, amma sai da dogon numfashi. Wasu manoma huɗu daga Neja Delta sun shigar da ƙarar Shell a Holan a 2008 kan malalar mai. Sai a watan Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta Hague ta ɗora wa reshen kamfanin na Najeriya alhaki a kan malalar ƙauyukan Oruma da Goi, a ƙarshen 2022 aka daidaita kan Yuro miliyan 15. Wasu daga masu ƙarar ba su rayu sun ga ranar ba. Mutanen Bodo, su ma a Neja Delta, sun sami fam miliyan 55 daga Shell a 2015 ta hanyar ƙarar da suka kai Landan. Kotun Ƙolin Birtaniya kuma ta yanke a 2021 cewa mutanen Ogale da Bille suna iya ƙarar uwar kamfanin a can.

A nahiyarmu akwai sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam, wanda ya ba al'umma haƙƙin zama a muhalli mai kyau. Da shi kotun ECOWAS ta kama gwamnatin Najeriya da sakaci kan gurɓatar Neja Delta a 2012.

Kotun ICC mai hukunta manyan laifuka ta duniya za ta iya hukunta mai lalata muhalli?

A yanzu sai in ɓarnar ta faɗa cikin laifukan da take da hurumi a kansu, kamar laifin yaƙi. A watan Satumban 2024 Vanuatu, Fiji da Samoa, ƙananan tsibirai da teku ke ci, sun gabatar da buƙatar a ƙara mummunar lalata muhalli ta zama laifi na biyar a jerin waɗanda kotun ke hukuntawa. Sai kashi biyu cikin uku na ƙasashen kotun sun amince. Tarayyar Turai ta sabunta dokarta a 2024 ta tsaurara hukunci kan irin wannan ɓarna.

Idan Najeriya ta sa hannu a yarjejeniya, alƙali zai yi hukunci da ita kai tsaye?

A'a. Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Nan ne yarjejeniyoyi da yawa ke maƙalewa.

Idan na ga ana irin wannan ɓarna, me zan yi?

Kada ka tunkari kowa. Masu wannan harka sukan zo da makami, ko da ɗaurin gindi. Idan durom ne ko buhu mai wari da ba ka san shi ba, kada ka taɓa, kada ka buɗe, ka nisanta yara da dabbobi daga wurin, kada kuma a ɗauki durom ɗin a zuba ruwa ko da an wanke shi sau goma.

Rubuta rana da lokaci da wuri. Lambar mota, rubutun da ke jikin kwantena, tambarin da ke kan durom, su ne mai bincike yake iya bi har wata ƙasa, domin kowace kwantena tana da lambarta da ke nuna jirgin da ya ɗauko ta da wanda ya yi lodi. In za ka ɗauki hoto, ɗauka daga nesa. Ka sanar da mai unguwa ko dagaci domin a sami shaida fiye da ɗaya, sannan a kai maganar a rubuce ga NESREA, ko ma'aikatar muhalli ta jiha, ko malaman daji, ko kwastam idan kayan ƙetare iyaka za su yi. A Nijar jami'an ruwa da dazuka ne ke da wannan aiki. Ka riƙe kwafin takardar da hatimin karɓa a kanta, kuma ka kai ta ofis biyu, kada ka tsaya a ɗaya.